Na Uku Daga Hagu

A wani gari mai suna Sannu-da-Zuwa, akwai Gidan Zane na jama'a wanda kakanni suka gina, suka cika bangonsa da zane ɗari biyu. Mutanen garin suna alfahari da gidan matuƙa, kamar dai ni da ku, wato suna nuna wa baƙo shi ta tagar mota.

Malam Jatau ne mai riƙe da makulli, yau shekara talatin da ɗaya ke nan.

To, a garin nan abin kunya ne babban baƙo ya koma hannu rabbana. Saboda haka duk wanda ya zo, sai Majalisar Fita Kunya ta aiko a ciro zane ɗaya, a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, Mai Gari ya miƙa, a ɗauki hoto. Don kada bango ya zauna tsirara, sai a rataya hoton bikin a ƙusar da aka cire zanen. Abin mamaki, tun daga nan gidan ya samu kasuwa. Mutanen da ba su taɓa leƙowa ba suka riƙa yin layi, kowa na neman kawunsa a sahun baya.

A haka har zane ya rage saura ɗaya: mata a bakin rijiya. Ta tsakiya, mai guga a hannu, mahaifiyar Jatau ce, kuma duk duniya ba shi da wata siffa tata sai wannan. Kullum da safe sai ya goge mata ƙura ya gaishe ta.

Ran nan Majalisa ta zauna kan makomar gidan. Sarkin Tarba ya dubi Mai Gari ya ce, "Ranka ya daɗe, ci gaba ya zo. Zane ɗaya ne kawai ke ɓata mana tsari, ga shi kuma jibi muna da baƙo."

Jatau ya yini yana haɗa maganar da zai yi. Zai ce gado ne, zai ce amana ce, in ta kama ma ya rungume zanen ya ƙi saki. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma da gaskiyarsa.

Ranar biki ya shigo da ƙunshin zanen a ƙirji, ya tsaya gaban Mai Gari. "Ranka ya daɗe, ina da magana."

Mai Gari ya dube shi. "Af, Malam Jatau! Kai fa ba ka taɓa shiga hoto ba ko? Zo nan, tsaya kusa da baƙo."

Shekara talatin da ɗaya yana rataya hotunan wasu. Jatau ya dubi ƙunshin, ya dubi mai hoto. Sai ya gyara hula.

Yanzu gidan ya kammala, babu sauran zane ko ɗaya, har ana shawarar ƙara masa bene. Duk wanda ya shigo, Jatau kan ja shi zuwa ƙusa ta ƙarshe ya ce, "Ga ni nan, na uku daga hagu."

Kwanan baya wata mata ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, me ke cikin ƙunshin nan da kake riƙe da shi a hoton?"

Jatau ya ce, "Hajiya, matso dai ki ga hular. Aro na yi, amma kin ga yadda ta zauna?"