Takalmina a Hannun Surukina

Duk abin da zan manta a zaman da na yi a Dubai, ban da ranar da na shiga kallon gasar tanis, shigata ta farko kuma ta ƙarshe. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ne a mota.

Wannan kafin zuwan korona ne. Ina aikin akanta a wani kamfanin jigilar kaya a Dubai Investments Park, muna haya gida ɗaya da Bulus, mutumin Kafanchan, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Zama ne mai daɗi, wallahi ina kewarsa. Shi ke tuƙa mana tuwo ranar hutu, ni kuma aikina wanke tukunya da ba da labari. Kamfaninsu ne ke kula da sanyin wani rufaffen fili inda ƙwararrun 'yan tanis maza ke gasa duk shekara, shi ya sa ya samo mana tikiti biyu.

Tun a hanya yake ja mini kunne. Ya ce wannan ba gidan kallon ƙwallo na Kano ba ne. In an fara bugu ba magana, ba tashi, ba yawo, sai 'yan wasa sun zauna hutu. Na ce masa haba, ni da na yi jami'a za a koya wa zama? (Ku riƙe wannan cika bakin, nan gaba kaɗan za ku tausaya mini.)

To, a lokacin akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ina neman auren Asma'u, kawuna ya je gun mahaifinta, Alhaji Garba, amma ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Ita ta tsegunta mini dalili. Wai Baba ya ce yaran da suka daɗe a waje idonsu ya buɗe da yawa, sai su miƙa wa sa'an ubansu hannu suna tsaye ƙerere. Na san yana zuwa Dubai sarin kayan mota a Ras Al Khor, amma ko a mafarki ban kawo zan gan shi a wurin tanis ba.

Muna zama, na fara jin daɗin abin. Fili shuɗi tas, fitilu, sanyi, jama'a maƙil amma shiru har kana jin ƙarar takalmin 'yan wasa a daɓe. Ina waige-waigen ƙauyanci sai na hango jar hula da farar babbar riga a ƙasa da mu kaɗan, daf da matakala. Alhaji ne, tare da wani Balarabe abokin kasuwancinsa da ya gayyato shi. Kamar an taɓa shi ya waigo, muka haɗa ido.

Bulus ya ga na yunƙura, ya damƙe mini riga, yana raɗa mini, "Habibi, zauna. Bari su je hutu, shwaiya, ɗan kaɗan kawai."

Ni kuwa lissafin da nake yi daban. Mutumin da ke zargina da rashin ladabi ya gan ni, na gan shi, sannan in ci gaba da zama ƙafa ɗaya kan ɗaya? Ai aure ya tashi ke nan. Na fizge rigata na gangara.

Da na iso kusa da shi sai na yi abin da aka koya mini tun ina yaro. Na tuɓe takalmana a kan matakala, na durƙusa, na ce, "Baba, barka da yamma. An zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen gida?" A ganina ƙasa-ƙasa nake yi, ashe a wannan shirun muryata ta kai ko'ina. Alhaji ya amsa a gajarce yana yi mini alama da hannu in yi shiru. Ni kuma na ɗauka cewa yake in gyara durƙuso. Ina gyarawa, diddigena ya ture takalmi ɗaya.

Jama'a, ban taɓa sanin takalmi yana da ƙara haka ba. Ya bi matakalar ƙarfen nan ƙwas, ƙwas, ƙwas, bai tsallake ko ɗaya ba, har ya je ya daki allon bakin fili. Ɗan wasan da ya riga ya cilla ƙwallo sama zai buga ya cafe abarsa, ya juyo yana kallonmu. Alƙalin wasa daga kan doguwar kujerarsa ya yi magana a lasifika, cikin ladabi mai ciwo, yana roƙon mai girma da ke kan matakala ya zauna. Na ɗaga kai, sai ga ni a ƙaton allon talabijin, a durƙushe, babban yatsana ya leƙo ta hujin safa. Dariya ta tashi, wasu har da tafi. Na nemi Bulus, na ga ya rufe fuska da hula kamar bai taɓa ganina ba.

Masu tsaro biyu suka raka ni waje, ina ɗingishi da takalmi ɗaya. Na jingina da bango a baranda, na ce shi ke nan, Asma'u sai dai wani. Na kunyata kaina, na kunyata dattijo a gaban abokin kasuwancinsa.

Can aka buɗe ƙofa lokacin hutu, sai ga Alhaji ya fito. A hannunsa na dama, takalmina ne. Ya sauka da kansa ya karɓo. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san wannan kunyar ta fi ta allon talabijin nesa ba kusa ba. Don ruɗewa na sake tuɓe ɗayan na zube ƙasa.

Ya ce, "Tashi, tashi, kada ka sake jefa mana wani." Ya ajiye mini takalmin a gabana, yana ta ƙoƙarin danne dariya har kafaɗunsa na rawa. Sannan ya ce, "Ka ce wa kawunka ya turo bayan Sallah."

Aka yi biki. Daga nan ba taron dangi da za a yi Alhaji bai ba da labarin ba, kullum kuma sai matakalar ta ƙara tsawo a bakinsa. Na sha jin haushi a ɓoye. Allah ya yi masa rasuwa a shekarar korona, muna Dubai, babu jirgi, ko jana'izarsa ban samu ba. Yanzu da za a dawo mini da shi ya ba da labarin sau ɗaya, da na zauna na saurara har da batun safar.

Ban daina tuɓe wa manya takalmi ba, kuma ba zan daina ba. Sai dai yanzu in na tuɓe, a hannuna nake riƙe abina.