Ranar Da Na Haɗa Kan Kwamfutoci

Jan waya ne aikina a wata cibiyar koyon kwamfuta a Tudun Wada. Rannan injiniyanmu ya tafi Kano, sai kwamfutocin ɗalibai suka daina ganin saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye mana komai. Na ce wa Hajiya mai wurin, "Kwantar da hankalinki, ƙaramin abu ne."

Na shiga suwicin cikin saba, mahaɗar kwamfutocin da hannu ba ya taɓawa, sai dai ta allo. Na tarar an raba ofis da aji, kowa da lambar VLAN ɗinsa, wato shingen da ke hana wani leƙa wani. Na ce wannan ai wariya ce, na ba su lamba ɗaya. Komai ya buɗe wa ɗalibai, har tambayoyin jarrabawar gobe da ke ofis.

Hajiya ta ce, "Malam, koma jan wayarka."

Can nake har yau, ɗalibai na wucewa suna cewa, "Allah ya saka da alheri, Sarkin Haɗin Kai!"