Rasuwar Dunƙule, Mazaunin Baranda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta gaji da haɗiye kuka, Auta, mai jinyar Baba a saman bene, tana sanar da 'yan'uwa rasuwar Dunƙule, ɗan itacen hamadar nan mai ƙaya da ke zaune cikin tsohon gwangwanin fenti a baranda.

Marigayin mai haƙuri ne na ƙin ƙari. Bai taɓa neman a juya shi ba, bai taɓa tofar da magani ba, bai taɓa buga cokali a ƙarfen gado don kiran kowa ba. A duk gidan, shi kaɗai ne ba ya son komai a wurin Auta. Rana kawai yake so, sai ɗan ruwa jefi-jefi.

To, a nan gizo ke saƙar. Tun da Baba ya kwanta, ba ya yarda Auta ta gusa daga gefensa, sai in ta ce za ta ba shuka ruwa, don shi tsohon manomi ne, ba ya wasa da hakkin shuka. Ita kuwa ba ta iya yi wa mahaifinta ƙarya. Duk sanda ɗaki ya ishe ta, numfashi ya ƙi, sai ta ɗauki kofi ta fita, ta tsiyaya da gaske, ta ɗan tsaya kallon mutane suna tafiyarsu a titi. Ta san ruwan yana cutar da Dunƙule. Wallahi ta sani.

Bawan Allah ya shanye ruwan duka. Gindinsa ya yi laushi, ya koma ruwan ɗorawa, ƙayoyin suka zube. Sautin da aka taɓa ji daga gare shi guda ne tak: jiya da hantsi ya kife, faca!

Ya rasu ya bar gwangwani, da tabon ƙaya a yatsun Auta, da yayyenta maza da ke bugo waya suna sa mata albarka daga nesa.

Za a yi jana'iza a juji, ƙasan bene, duk ranar da ɗaya daga cikin yayyen ya zo ya zauna da Baba. Kafin nan gawa tana baranda. Ana roƙon masu ta'aziyya, don girman Allah, kada kowa ya faɗa wa Baba. Auta za ta ci gaba da ba marigayin ruwa.