Ranar da Na Je Neman Aure da Ribas

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da iyayena suka je nema mini aure ba. Ni na tuƙa su da kaina, kuma da baya-baya na shigar da su garin surukaina, jama'a na kallo.

Bari in faro daga motar. Tsohuwa ce 'yar Kwatano, otomatik, ta yi hannu uku kafin ta zo nawa. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a nan Dutse, ina zaune a Takur, kuma duk layinmu an san ni da goge ta safe da yamma. Lafiyarta ƙalau in ka ɗauke abu ɗaya: duk sanda za ta canja giya daga ɗaya zuwa biyu sai ta ɗan yi jinkiri, sannan ta buga, dum, kamar an mangare ka a ƙeya. Ni na saba, har na iya ɗaga ƙafa daga totur daidai lokacin don bugun ya zo da sauƙi. Fasinja ne ba ya sabawa. Akwai ranar da na rage wa shugaban makarantarmu hanya, hularsa ta faɗo kan cinyarsa sau biyu kafin mu kai sakatariya.

Yarinyar da nake nema sunanta Rukayya, malamar firamare ce, gidansu na wani ƙauye a gefen Buji. Mahaifinta, Alhaji, tsohon direban manyan motoci ne da ya ajiye tuƙi ya koma noma, mutum ne mai magana ɗaya. An taɓa sa ranar zuwan iyayena, sai ciwon gwiwa ya kwantar da Baffa Malam, yayan mahaifina, wanda shi ne waliyyina tun rasuwar Baba. Ba mu je ba. Da aka sake sa rana, Rukayya ta kira ni, muryarta ba wasa.

"Baba ya ce Asabar bayan azahar. Ya ce in aka kira la'asar bai ga kowa ba, to ya ji amsarku. Kuma ka san mutanen gidan ɗan gwaggona ba su daina zaryar nema masa aurena ba."

Na ce mata ko ana ruwan duwatsu za mu zo. (Na faɗi haka ne ina shafa sitiyari, cike da yarda da kaina.)

Saura kwana huɗu na kai motar wurin Oga Idi, bakaniken da ke duba mini ita, don ba na so ta riƙa mangarar Baffa Malam a hanya. Ya zaro gejin man giya, ya goga a farin ƙyalle, ya shinshina. Man ya yi baƙi ƙirin kamar tawadar allo.

"Malam, wannan man ina jin tun daga Turai ba a taɓa shi ba," in ji shi. "Amma kar ka kuskura ka juye shi gaba ɗaya. Faya-fayan da ke ciki sun cinye, dattin nan da kake gani shi ke taimaka musu suna kamawa. Mu rage kaɗan mu ƙara sabo, ka yi wata guda kana yawo, mu sake ragewa. A hankali ake bi da ita."

"To bugun fa? Asabar nake da tafiya."

"Ka je da bugunka. Mai bugu tana kai mutum gida."

Na yi masa godiya, na fito ina dariya a zuci. Wai datti ne ke riƙe da mota! Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa ɗalibai yadda mai ke rage gogayya tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ni za a gaya wa haka? Na yanke cewa ƙyuya ce kawai irin ta masu gyara. Na zauna na kalli bidiyon gyaran mota a waya har idona ya yi ja, na shiga kasuwa na sayo galan-galan na jan man giya. Da na tambayi mai shagon ko irin na motata ne, cewa ya yi, "Malam, ja dai ai ja ne." Ban musa ba, don abin da nake son ji ke nan.

Ranar Alhamis da yamma na shige ƙarƙashin mota a ƙofar gida. Na kwance, na tsiyaye, na cire farantin ƙasa na wanke shi tas da fetur, na mayar, na zuba sabo. Na tayar da inji, na sake tsiyayewa, na sake zubawa. Sau uku na yi haka, sai da man ya riƙa fitowa ja wur kamar zoɓo. Na zagaya Takur, wallahi ko bugu ɗaya ba ta yi ba. Don tsabar jin kai sai da na bi ta gaban garejin Oga Idi, na danna hon sau biyu na ɗaga masa hannu.

Ranar Asabar na ɗauki Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, mutum mai bakin tsiya, muka wuce Yalwawa muka ɗauki Baffa Malam a ƙofar zauren da yake ba da karatu. Aka zuba goro da alawa a but. Kafin ya shiga, Baffa Malam ya tsaya dogare da sandarsa ya dube ni.

"Ka san dai ba a ganin mai neman aure a wurin nan. Don gwiwata ce kawai na yarda ka kai mu. Ka sauke mu a kwanar masallaci, ka ɓace. Kada ko inuwarka Alhaji ya gani."

"In sha Allahu, Baffa."

Muka yi azahar da wuri muka kama hanya. Damina ta yi kyau, gero da dawa sun rufe gonaki hagu da dama, mota na tafiya sumul. Kawu Sale ya ce, "Kai, yau ba ta harbi? Wa ya yi mata ruƙiyya?" Na ce ni ne, na kuma ɗauki kusan minti ashirin ina yi musu lacca a kan mai da ƙarfe. Baffa Malam dai carbinsa yake ja.

Ina cikin laccar na ji inji ya yi ƙara sama, amma gudu bai ƙaru ba. Na katse laccar. Na sake takawa, ta yi kuka, wuuu, sannan da ƙyar ta kama. Na dai dake. Muka sauka daga kwalta muka hau burjin da ke shiga ƙauyen, wanda bai fi tafiyar kilomita uku ba. Ba mu yi nisa ba, daidai filin ƙwallon wata firamare, ta saki gaba ɗaya. Giya na kan D, wato ta gaba, ina taka totur, inji na ihu, mota na tsaye cak.

Na kashe, na kunna. Na jira ta huce, na sake. Na buɗe bonet na tsaya ina kallon inji kamar zai gaya mini wani abu. Kawu Sale ya ce mu tura ta ko za ta kama, na ce otomatik ba ta jin turi. Ya ce a nemi babur, Baffa Malam ya nuna gwiwarsa, ya ce rabonsa da ɗaga ƙafa kan babur shekara biyu, tafiyar ƙasa kuwa ko masallacin unguwa sai ya huta a hanya. Na kira Oga Idi, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba (har yau ina zargin yana kallonta). Na duba agogo, na duba inuwar bishiya da ta fara tsawo. La'asar ta kusa.

Baffa Malam ya ce a hankali, "To, wataƙila Allah bai nufa ba."

Wannan maganar ce ta tunzura ni. Shekara biyu ina bin yarinyar nan, in koma gida saboda man giya? Na shiga na zauna, na riƙa jan giyar ɗaya bayan ɗaya don haushi. Da na kai R, wato ribas, sai na ji ta kama, dum, irin tsohon bugun nan da na tsana. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

"Baffa, Kawu, ku shiga."

"Ina za mu?" in ji Kawu Sale. "Dutse da baya?"

"Gidan Alhaji."

Na shiga filin ƙwallon da ribas, na karya sitiyari na yi rabin da'ira, sai ga bayan mota ya fuskanci ƙauyen. (A nan kaɗai kimiyyata ta yi mini rana.) Na cire hula, na zuro kai ta taga, na fara ja.

Duk wanda bai taɓa yin kilomita uku da ribas a burjin damina ba, kada ya gwada. Hanyar siririya, ga kwari, ga caɓi, ganyen dawa na marina a fuska. Wuyana ya ƙage kafin mu yi rabi. Kawu Sale ya durƙusa kan kujerar baya yana leƙa gilashi yana ba da umarni: "Dama! A'a, ɗaya damar! Ga rami nan!" Sau biyu na faɗa kunyar gyaɗar mutane na fito. Manoma suka ɗago daga aiki suka dogara da fartanya suna bin mu da ido. Wasu mata da ke ɗiban ruwa a famfo suka ajiye bokitai, ɗaya ta ce da ƙarfi, "Ikon Allah, waɗannan zuwa suke ko tafiya?" Wani dattijo a kan keke ya biyo mu yana fuskantar Baffa Malam ta gilashin gaba, har suka gaisa suka tambayi juna iyali. Ni dai gumi kawai nake, ina ce wa kaina ko a kai zan ɗauke ta sai mun isa.

Muka shiga gari ba a kira salla ba. Na ji wani sanyi a raina, na karya kwanar masallaci, na taka birki a inda aka ce in sauke su.

Abin da ban sani ba shi ne, zafi ya kori Alhaji daga zaure. Shi da ƙannensa biyu da limamin garin sun shimfiɗa tabarmi a inuwar dalbejiyar da ke daidai kwanar nan, suna duban hanyar da mota za ta ɓullo. Sai ga ta ta ɓullo da baya. Ta tsaya tagata na saitin tabarmarsu, kaina a waje, ba hula, ganyen dawa maƙale a wuyan rigata. Muka haɗa ido da Alhaji, tsakaninmu bai fi taku uku ba.

Na ja giya zuwa D don in gudu, inji ya yi ihu, ba ta motsa ba. Na duba baya, katangar masallaci ce. Na zame a kujera har gwiwata ta daki sitiyari, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Alhaji ya miƙe, ya tarbi su Baffa Malam, aka gaisa a tsanake. Sannan ya zagayo wajena. Mutumin nan ya san ni sarai, ya sha ganina daga nesa ina zance a ƙofar gidansa. Amma ko a fuska bai nuna ba.

"Direba, sannu da hanya. Buɗe mini bonet."

Na buɗe. Ya zaro geji, ya murza man a yatsa, ya kai hanci.

"Sabon mai a tsohuwar giya. Direba, wa ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Mai motar ne, Baba."

"Bakanike bai hana shi ba?"

"Ya hana shi."

"To in ka koma ka gaya wa mai motar, na ce abin da ya daɗe ba a gyara shi rana ɗaya. Kuma in wanda ya fi shi sani ya yi magana, ya riƙa ji."

"Zai ji, Baba."

Kawu Sale ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Aka yi la'asar (a sahun ƙarshe na tsaya, a can lungu), suka shige zaure, na koma mota na zauna. Can sai ga kwanon fura daga cikin gida, an ce a kai wa direba. Na gane murfin kwanon, na san wadda ta dama.

Bayan kamar awa guda suka fito. Kawu Sale ya leƙo ta taga, baki har kunne.

"An ba ka. Alhaji ya ce taurin kan da ya kashe motar shi ne kuma ya kawo mu a kan lokaci, don haka ba zai ce ba shi da amfani ba. Ya ce ita ma Rukayyar nata ya fi naka, sai ku je ku ƙarata."

A motar ƙanin Alhaji aka mayar da mu Dutse. Tawa ta yi kwana tara a jikin katangar masallacin, duk wanda ya zo salla sai an ba shi labari, kafin Oga Idi ya je ya jawo ta. Da ya iso ƙofar gidana da ita a ɗaure, hon kawai ya danna sau biyu ya ɗaga mini hannu.

Yanzu an sa mata wata giyar, ita ma ta hannu ce, tana ɗan bugu da safe, kuma na bar ta da bugunta. In Oga Idi ya ce a rage kaɗan, kaɗan ake ragewa, digirina kuwa a aji nake barin sa. 'Ya'yanmu biyu da Rukayya, amma har gobe in na je gaida Alhaji na durƙusa, bayan ya tambayi iyali sai ya ce, "Ya mai motar?"

Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Yana jin magana yanzu, Baba."