Buhunan Cindo

A Tungar Baure akwai wani mutum mai suna Cindo. Gidansa shi da matarsa Tabawa ne, sai agwagi biyu. Ya iya tuƙa kwale-kwale. Sauran al'amuran duniya kuwa, yana nan yana ƙoƙari.

Da masu binciken kifi suka zo, shugabarsu Dakta Huraira ta faɗa wa Sarkin Ruwa gaskiya: kifin kogin ya ragu, in ta tabbata komar mutanen gari ce sila, za a hana su na shekara uku. Sarkin Ruwa ya ba su Cindo ya riƙa tuƙa su, don shi ne garin zai iya rasawa ba a ji ba.

Wata rana aka auna wata tarwaɗa, aka maƙala mata alama a baya. Dakta ta ce, "Malam Cindo, mayar da ita inda aka kamo ta." Cindo ya rungume ta, tsundum cikin ruwa. Da ya taso yana haki, ya ce, "Ai a ƙasa aka kamo ta, ranki ya daɗe."

Wata rana Dakta ta ce duk kifi mai alama a mayar da shi kogi. Cindo ya koma gida, ya hango alama a tukunyar Tabawa. Ya tsamo kifin da miyarsa ya nufi bakin ruwa.

"Maigida, ya fa dahu!"

"Ba a ce ban da dafaffe ba."

A ranar, da gayan tuwo aka wuni.

Wata rana Dakta ta ce duk abin da komar bincike ta kamo kada a yar sai an auna. Ita ta manta da maganar, shi bai manta ba. Takalmi, leda, kwalba, duk ya riƙa kwasa. Tunda ba wanda ya auna, sai ya adana, kowace mashayar kogi da buhunta, har Tabawa ta rasa wurin shimfiɗa tabarma.

Wata rana aka taru a ƙofar Sarkin Ruwa don jin hukunci. Dakta ta buɗe takarda ke nan, sai ga Cindo da buhuna huɗu a baro.

"Ranki ya daɗe, waɗannan ba a auna su ba."

Aka kwashe da dariya. Ya zazzage. Buhuna uku tarkace ne. Na huɗun, na mashayar da ke can sama inda mutanen gari ba sa su, cike yake da kwalaben maganin ƙwari na feshin gona. A nan ne kuma kifi ya fi mutuwa.

Dakta ta daɗe tana kallo, sannan ta ninke takardarta. Ba a hana su ba.

Mutane suka yi ta sa wa Cindo albarka. Shi dai yana tsaye riƙe da wani warin takalmi, ya ce, "To, yaushe za a auna?"