Cokali a Ƙugiyar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar buɗe su, wato kamun kifin gayya, a tafkin Madarunfa ba, shekara biyu bayan an hana aikin tilas. Ni manomi ne ɗan manomi daga Gabi, ban gaji ruwa ba. Ƙaddara ce ta sa na auri Kuluwa, 'yar sarkin ruwan wani ƙauye da ke bakin tafkin, kuma tun ranar nake neman abin da zai sa dattijon nan ya daina yi mini kallon mai tsoron jiƙa ƙafa.

A ranin shekarar na tafi cin rani har Yawuri, na yi wa wani Bature dako. Da idona na ga ya ɗaura wani ƙarfe mai walƙiya kamar cokali a bakin fatsa, ba tana ba tsutsa, ya jefa ya jawo giwan ruwa ya kusa ni tsawo. Shi ke nan, ilimi ya same ni. Na dawo gida da cokali guda a aljihu, kaina ya fi kwando girma.

Ana saura kwana biyar a buɗe su, aka yi gayyar sake jinkar ɗakin surukina. Ina yaye tsohuwar ciyawa sai ga wani ƙunshi a soke: tsohon zare, dalma biyu, da wata ƙatuwar ƙugiya da tsatsa ta ci. Na ce a raina yasasshen kaya ne. (Me ya hana ni tambaya? Kunyar suruki mana. Ita ta hana ni buɗe baki, amma ba ta hana ni sa hannu a aljihu ba.)

Kwana uku ina fama. Na goge ƙugiyar da dutse har ta yi fari, na karya wa cokali mariƙi, na huda shi da ƙusa, na ɗaure su da waya tamau, na ƙara gashin zabo don ado. Kuluwa ta leƙo ta ce, "Malam, wanga kuma layar mi ce?" Na ce ta jira, kifi zai ba ta amsa.

Al'adar wurin, babu mai taɓa ruwa sai sarkin ruwa ya jefa ƙugiyar kakanninsa ya jawo. Na san da wannan sarai. Abin da ban taɓa yi ba shi ne tambayar inda ake ajiye ta.

Ranar ta zo. Mutanen garuruwan Safo da Sarkin Yamma sun cika gaɓa, kowa da goransa da komarsa. Hantsi ya ɗaga, shiru. Can sai surukina ya fito hannu wofi, fuska a murtuke, ya ce ƙugiyar gado ta ɓata, kuma ko za a kai magariba ba mai shiga ruwa sai an gan ta.

Ni kuwa ina can baya, ban ma ji da kyau ba, ina wa Ɗan Ladi masunci wa'azin yadda Turawa ke kamun kifi. Ina karkaɗa masa abin a rana sai na ga ya daina dariya. Ya kama hannuna, ya duba gindin ƙugiyar, ya ga tsaga uku, shaidar ƙugiyar gado. Maimakon ya raɗa mini, ɗan banzan nan sai ya ɗaga murya: "Jama'a, ga ta nan! An yi mata gashi!"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na yi mata godiya. Mutane suka dare, aka tura ni gaba, ina tafe cokali na kaɗawa. Na durƙusa na miƙa da hannu biyu. Surukina ya juya ta, ya sake juyawa. Bai dube ni ba, sai ya dubi taro ya ce, "Ku tambayam mini mijin Kuluwa, ana kwance ta, ko haka nan aka jehwawa?"

Aka yi aka yi, waya ta ƙi kwantuwa, don aikin na yi shi da gaskiya. Rana na yi, mutane sun ƙosa. Haka dattijon nan ya yi bisimilla, ya wulwula ƙugiyar kakansa da gashin zabo da rabin cokali, tana walƙiya a sama kowa na gani. Ya jawo, ciyawa ce. Dariyar da aka yi har tsuntsayen bakin ruwa sai da suka tashi. Kowa ya faɗa tafki, aka bar ni durƙushe ni kaɗai.

Ban ci tuwo ba ranar. Washegari Kuluwa ta dawo daga gidansu, ta ajiye cokalin a gabana, tana danne dariya. "In ji Baba, ka riƙa shan kunu da shi. Ya ce hudar da ka yi ta isa ta koya maka haƙuri."

Wata biyu ina zagaye ƙofar gidansa ta bayan gari. Tun daga lokacin, in na ga abu ya yi tsatsa a gidan dattijo, gaishe shi nake yi in wuce.