Ranar da Na Auna Safar Dambe a Gaban Surukina

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe gidan koyon damben zamani a garinmu Makarfi ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai ina tsakiyar darasi, sai in juya wa ɗalibai baya in yi kamar ina goge allo, har gumin ƙeyata ya bushe.

Bari in fara da gaskiya. Ni malamin lissafi ne a firamare, kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa naushin kowa ba. Faɗa ɗaya na taɓa yi ina yaro, a kan guntun rake, kuma yarinya ce ta kayar da ni (tana nan da ranta a Kudan, in mun haɗu har yanzu murmushi take yi). Amma da na sayi babbar waya, sai Allah ya jarabce ni da kallon dambe. Daga kallon 'yan dambe na koma kallon masu bayanin safar da suke sawa a hannu. Wani Bature zai ɗauko safa ya yanka ta da wuƙa ya nuna abin da ke ciki, ni kuma ina nan baki buɗe har caji ya ƙare. Kafin a jima na san ta fata da ta roba, na san wadda aka ɗinka a Meziko da wadda aka ɗinka a Pakistan, na san tambarin kamfanonin da ake ji da su da waɗanda ake kwaikwayonsu. A teburin mai shayi, da an ambaci dambe sai abokaina su fara kurɓe shayinsu da sauri, don sun san na samu ƙofa.

Ana nan sai Sajan Danladi ya zo da magana. Sajan tsohon soja ne, mutumin kudancin Kaduna, ya yi ritaya ya zauna a Makarfi yana noman rake. Ya yi dambe sosai a bariki, hancinsa ma shaida ne. Ya samu aron wani tsohon ɗakin ajiyar masara, ya share, ya rataye buhun yashi a ƙarfen rufi, yana so ya tara samarin da ke zaman banza a bakin tasha ya koya musu wasan. Wani abokin aikinsa na dā kuma ya aiko masa da buhu guda na safar dambe daga Legas, gwanjo, tsofaffi da masu sauran kyau duk a cakuɗe.

Matsalar ita ce iyaye. Su dai abin da suka sani, dambe shi ne a fasa wa yaro baki a zubar masa da haƙora. Kowa ka tambaya sai ya ce, "Mu ji abin da Liman zai ce." Limamin unguwar kuwa ba kowa ba ne illa mahaifin matata. Mutum ne mai ƙarancin magana, irin malaman nan da in suka dube ka ta saman tabarau sai ka fara tuno ko ka yi sallar asuba a kan lokaci. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya ba.

Sajan ya same ni a ƙofar makaranta ya ce, "Malam, kai ne za ka taimake ni. Ka roƙi Baba Liman ya zo ranar buɗewa ya gani da idonsa. In ya ce a'a, sai in mayar da masara ɗakin nan."

Na ce, "Sajan, ba roƙo kawai ba, ni zan yi wa jama'a bayanin safar nan da kaina. In suka ji yadda take kare hannu da fuska, magana ta ƙare."

Ya dube ni ya ce, "To madalla. Bayanin dai ko?"

Na ce bayanin dai.

Na je na durƙusa gaban Baba Liman, muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta, ya tambayi gona, sannan na shigar da buƙata ina kallon tabarma. Ya gyara tabarau ya ce, "Allah ya kai mu." Na fito kamar an yi mini albishir da kujerar Makka.

Ranar Asabar da hantsi wuri ya cika. Samari sun zo a kan babura daga Ikara da Kudan, har da 'yan Likoro da suka ji labari a kasuwa. Ga mai unguwa, ga faston cocin su Sajan, ga Baba Liman a kujerar tsakiya da carbinsa. Mata suka tsaya gefe a inuwar darbejiya, cikinsu har da uwargidana, Maman Walida, ta sha sabuwar atamfa ruwan ɗorawa mai manyan furanni. Ni kuma na ci shadda fara ƙal, na kafa hula, ina ta kai da kawo kamar ni na gina ɗakin.

Bayan addu'a da gaishe-gaishe, aka zazzage buhun safa a kan tebur, Sajan ya ce, "Ga Malam zai yi mana bayani."

Jama'a, ranar na yi magana. Na ɗauko wata ja mai sheƙi, wadda samari suka fi zuba wa ido, na ɗaga ta sama na ce, "Kun ga wannan mai tambarin zaki? Kada ƙyalli ya ruɗe ku. Jabu ce." Na nuna musu yadda aka rubuta sunan kamfanin da harafi ɗaya a juye. Na shinshina ta na ce warin roba take yi, irin na sabon bokiti, alhali fata ta gaskiya ƙanshin dukanci take yi. Na danna babban yatsana a gabanta, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, na ce, "Soson katifa ne a ciki. Wata guda ana dukan buhu da ita, ƙashin hannu zai fara gaisawa da yashi." Na jefar da ita gefe. Wuri ya ɗauki sowa.

Na ɗauko wata na nuna ɗinkinta da ya fara zarewa. Na ɗauko wata na nuna cewa babban yatsanta a sake yake, ba a haɗe shi da jikin safar ba, na ce irin wannan ce ke tsone wa abokin wasa ido. Na yi bayanin nauyi, na ce mai nauyi ta horo ce don ta fi laushi, marar nauyi ta gasa ce. Na hango mai unguwa yana gyaɗa kai. Na hango fasto yana raɗa wa Sajan wani abu. Na saci kallon Baba Liman, na ga ya daina jan carbi yana saurare. Wallahi a lokacin ji na yi kaina ya taɓa rufin kwano.

Daga ƙarshe na zaro wadda na ɓoye tun farko, wata baƙa da ta sha jiki, fatarta ta yi laushi kamar jakar tsohon maɗinki. Na ce, "Wannan ita ce uwar gayya. Ba ta da kyan gani, amma ko jikokinmu za su same ta. Ku duba, sauran duk abin mannawa gare su a wuyan hannu, irin na takalmin yara. Wannan kuwa igiya ce, ɗaure ta ake yi. Ita ƙwararru ke sawa."

Sai Baba Liman ya yi gyaran murya. Kowa ya juya gare shi. Ya ce, "Malam, ita wannan ta igiyar, in an ɗaura ta, ba ta suɓucewa ta bar hannu tsirara a fuskar ɗan mutane?"

Surukina ne ya yi mini tambaya a bainar jama'a, kuma ya kira ni Malam. Da ina da hankali, da na ce a'a na zauna. Sai na ji bakina yana cewa, "Allah ya gafarta Malam, bari a gwada a hannuna a gani."

Sajan ya matso ya ce a hankali, "Malam, ga yarona Yakubu nan ya shirya, shi zai buga buhun."

Na ce, "Sajan, wanda ya yi bayani shi ya kamata ya nuna."

Na cire hula, na tuɓe riga, na rage daga ni sai singileti da wandon shadda (da tumbin da ban san ya kai haka ba sai da iska ta buge shi). Sajan ya zura mini safar, ya ja igiya, na ce ya ƙara ja. Ya ƙulle, na ce ya ƙara ƙulli, don Baba Liman ya gani. Ya naɗe ragowar igiyar a wuyan hannuna ya cusa bakinta ciki. Na zagaya ina miƙa wa dattawa hannu suna ja, safa ko motsi. Mai unguwa ya ja da hannu biyu har ya kusa faɗuwa daga kujera, ya ce, "Lallai wannan ta zauna."

Sannan na fuskanci buhun yashi. Na kai masa na hagu, ya ɗan girgiza. Samari suka yi ihu. Na kai na dama, wani daga baya ya fara yi mini kirari, yana cewa ga na Maman Walida, ga mai lissafi da ƙulli. Kaina ya ƙara kumbura. Na fara tsalle-tsallen nan da nake gani a waya, ina kaucewa naushin da babu mai kawo shi. Na ce a raina bari in rufe taro da irin wanda ake ɗaukowa tun daga ƙugu. Na ja numfashi, na cika ciki da iska, na murɗa jiki da dukkan ƙarfina.

Naushin ya sauka, wannan kam ba ƙarya. Amma tare da shi na ji wani ɗan ƙaramin sauti a ƙuguna, tus. Mazagin wandona ne ya tsinke.

Wanda ya san wandon shadda mai sitati ya san ba ya jinkiri. Kafin in gane abin da ke faruwa ya sauka har idon sawu. Na kai hannu in cafke shi, sai na tuna ba ni da hannu. Wasu ƙullutu biyu ne kamar kabewa. Na sunkuya ina dangwalar wandon, yana zamewa. Na matse shi tsakanin safar biyu na jawo shi har gwiwa, ya sake sulalewa. Na kai igiyar baki in kwance da haƙori, na tarar da ƙullin da ni da kaina na ce a ƙara. Ina cikin wannan hali buhun da na nausa ya dawo daga tafiyarsa ya same ni a gindi, na tafi da gwiwa da kabewa biyu a ƙasa, daidai ƙafafun Baba Liman.

Yanzu sauran abin da ban so in faɗa ba. Gajeren wandon da ke ciki, Maman Walida ce ta sa tela ya ɗinka mini da ragowar yadi, don kada a yi asara. Ruwan ɗorawa ne, mai manyan furanni. Duk wanda ke wurin ya dube ni, sannan ya juya ya dubi inuwar darbejiya, inda take tsaye sanye da sauran atamfar. Wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Ashe anko suka yi."

Daga nan ban san wa ya fara ba. Samarin Ikara suna riƙe da juna, fasto ya rufe fuska da littafinsa kafaɗunsa na rawa, mai unguwa yana share hawaye da hannun riga. Maman Walida ta ja mayafi ta rufe kai ta bi bayan mata ta ɓace. Sajan ne ya yi ta maza, ya ɗaga ni tsaye, ya jawo wandon ya riƙe mini shi ta baya kamar mai riƙe da akuya a kasuwa, Yakubu kuma ya durƙusa yana fama da ƙullin. Ƙullin ya ƙi. Sai da aka aika gidan maƙwabta aka karɓo wuƙa.

Duk tsawon lokacin nan Baba Liman bai yi dariya ba. Ya kafa idonsa a kan rufin kwano yana jan carbi, sai dai na ga gemunsa yana ɗan karkarwa. Ni kuwa na riga na gama lissafi: na kashe wa Sajan gidan horo, na kashe kaina a gidan surukai, gobe sai in nemi canjin makaranta zuwa wani ƙauye bayan Taba.

Da aka yanke igiyar, aka ba ni wani guntunta na ɗaure ƙugu, sai Baba Liman ya miƙe. Kowa ya nutsu. Ya dubi Sajan ya ce, "Sajan, na tambaya ko tana suɓucewa, an kuwa ba ni amsa, har da ƙari. Abin da zai hana hannun namiji kama wandonsa, zai hana shi kama abubuwa da yawa da muke fama da yaran nan a kansu. A bar su su zo. Amma a tashe su in lokacin salla ya yi." Ya yi addu'a, aka shafa. Da ya zo wucewa ta gabana, bai dube ni ba, ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, a gaida gida."

A gida Maman Walida ta ajiye mini abinci. Sai da na kai loma ta ce, "Baban Walida, ita waccan atamfar na ba ƙanwata. Kai ma ka san yadda za ka yi da naka rabon."

Gidan horo yana nan ya cika da samari, har wasu sun fara zuwa gasa Kaduna. Baƙar safar ma tana nan, an sa mata sabuwar igiya, kuma duk sabon yaron da ya zo sai an nuna masa ita an ba shi tarihinta, da sunan da suka raɗa mata wanda ba zan rubuta a nan ba. Sajan har yau in an kawo sababbin safar dambe yakan aiko a kira ni in duba, don a kan fata da ɗinki da soso ban yi kuskure ko ɗaya ba. Ina zuwa, in shinshina, in danna, in faɗi ra'ayina hannuwana a sake.

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya tsaya gaban jama'a yana auna ingancin kayan Meziko da na Pakistan, ya fara auna igiyar da ke riƙe da mutuncinsa. Ni dai tun daga ranar, bel nake ɗaurawa a kan mazagi.